Amsoshin Tambayoyinku: An ce da Baba “tsufa ne”, mu haƙura ke nan?

TAMBAYA

Ina zaune a unguwar Sabon Gari nan cikin Maraɗi, mahaifina kuwa yana Jiratawa, aikin garka yake yi tun muna yara. A katinsa an rubuta cewa an haife shi wajen 1952. Shekara biyu ke nan idonsa na dama yana hazo, har ya bar duba Alƙur'aninsa bayan Asuba. Gwiwa ta hana shi tsugunne, kuma matarsa ta gaya mini a asirce cewa yana tashi fitsari sau biyar ko shida kafin gari ya waye. Da ƙyar na lallashe shi na kawo shi birni muka je likita. Wanda ya gan mu bai taɓa jikinsa ba, ko tansiyo, wato hawan jini, bai auna ba. Ni ya dinga tambaya abin da ke damunsa, alhali Baba yana zaune yana ji. Daga ƙarshe ya ce, “Hajiya, tsufa ne, sai haƙuri,” ya rubuta mana farasitamol da bitamin. Yayyena maza sun ce in daina wahalar da tsoho, ai ko a hadisi ya zo cewa tsufa ba shi da magani. Shi ma Baba cewa ya yi a bar shi, ya ci zamaninsa. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Shin gaskiyarsu ce, ni ce mai rigima?

Daga wata mai karatu, Sabon Gari, Maraɗi.

AMSA

Ƴar'uwa, Allah ya saka miki da alheri, ya ba Baba lafiya. Ba rigima kike yi ba.

Ki fara da leƙa fadamar Jiratawa da hantsi. Za ki tarar da sa'annin Baba, waɗanda aka yi wa kaciya shekara ɗaya da shi, wasu suna ban-ruwa, wasu suna tsinkar zogale, wani ma yana kan keke zai tafi kasuwa. Shekarunsu ɗaya da nasa. Da a ce shekaru ne kaɗai ke rufe ido su hana barci, da duk sun zauna tare a inuwa ɗaya suna lalube. Tun da shi ya zauna su suna tafe, akwai wani abu a jikinsa wanda babu a nasu, kuma wannan abin yana da suna. Aikin likita shi ne ya nemo sunan. “Tsufa ne” ba sunan cuta ba ne, kuma wanda bai auna ba, bai taɓa ba, bai haska ido ba, ba shi da hanyar sanin ko tsufan ne ko wani abu daban.

Hadisin da yayyenki suka kawo ingantacce ne, sai dai sun ɗauko wutsiyarsa sun bar kansa. Hadisin Usama bin Sharik ne, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi. Wasu mutanen ƙauye ne suka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko su nemi magani in sun yi rashin lafiya. Ya umarce su da su nema, ya sanar da su cewa kowace cuta tana da maganinta, sannan ya keɓe tsufa. To, babu wanda ya ce a mayar da Baba saurayi. Furfurarsa ba za ta koma baƙa ba, haƙoran da suka zube ba za su sake tsirowa ba. Amma yanar ido cuta ce, ciwon sukari cuta ne, hawan jini cuta ne, kuma umarnin da ke farkon hadisin bai cire dattawa ba. Ki faɗa musu haka cikin ladabi, ko ki sa limamin garinsu ya faɗa musu, domin wata maganar ta fi shiga in ta fito daga bakin mai rawani.

Ba a duba mara lafiya ta wasiƙa, saboda haka ba zan ce miki ga abin da ke damun Baba ba. Zan dai nuna miki abin da ya kamata a nema, ki gani da idonki yawan abin da kalma ɗaya ta rufe.

Hazon ido da ke ƙaruwa sannu a hankali, ba zafi ba ja, a mutum mai shekarunsa, mafi yawan lokuta yana ce. A cikin ido akwai wani ɗan madubi mai haske garau, shi ne yake daƙushewa ya yi fari kamar ruwan tsari. Yanar ido ita ce babbar mai makanta mutane a duniya, kuma tana cikin cututtukan da suka fi saurin warkewa. Ana kashe zafin idon kawai, mutum yana farke, a cire madubin da ya lalace a sa na roba, aikin sau da yawa ba ya wuce rabin awa. Ana yi wa masu shekara tamanin da casa'in, kuma ana yi a nan cikin Maraɗi. Asibitin ido na Makka yana nan, ba sai an ƙetara Katsina ko Kano ba. Abin tsoron shi ne wata cutar mai kama da ita a bakin mara lafiya, wadda ake kira gilokoma ko hawan jinin ido. Ita tana cin jijiyar gani a ɓoye, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Iyaka a tsayar da ita da maganin ɗigawa ko aiki. Duk watan da aka ɓata ana cewa tsufa ne, ita tana ci gaba da cinta. Sai an auna ƙarfin ruwan idon an leƙa cikinsa ake rarrabe su. Ina kuma roƙonki, kada a bari masu yawo ƙauye-ƙauye su taɓa shi, waɗanda ke tura yanar cikin ido da allura ko tsinke. Mutum yakan ga haske kwana biyu ya yi murna, daga baya ido ya ƙone gaba ɗaya.

Yanzu ki haɗa hazon ido da yawan fitsarin dare. Akwai cuta guda da ke kawo su biyun tare, wato ciwon sukari, kuma ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a fara gane ta. In an auna da safe kafin a ci komai aka samu giram 1.26 a lita ko fiye, aka maimaita wata rana aka sake samun haka, to ita ce. In ba ita ba ce, sai a duba furostat, wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Yana girma da shekaru, ya matse hanyar, mafitsara ta kasa juyewa duka, mutum ya yi ta tashi. Akwai ƙwayoyin da ke sassauta shi, akwai aiki in ƙwaya ta kasa. In aka bar shi, wata rana fitsari ya tsaya cak da tsakar dare, ko ya dinga komawa baya yana lalata ƙoda. A wasu mazan kuma daji ne, shi ya sa ake son a duba.

Ita gwiwa, ga mutumin da ya yi shekara hamsin yana sunkuye a kan fartanya, ba abin mamaki ba ne gurunguntsinta ya cinye. Nan ma'aikacin bai yi nisa da gaskiya ba, kuma farasitamol ba mugun zaɓi ba ne. Abin da ya kamata ya tambaya shi ne me Baba yake sha tun kafin ya zo. Na kusa rantsewa akwai ƙullin ƙwayoyi a aljihun rigarsa, irin waɗanda ƴan talla ke yawo da su a faranti ko a bayan keke, diklofenak da danginsa. Suna kashe ciwo, amma ga tsoho suna ƙwarzane ciki har ya yi jini, suna tayar da hawan jini, suna gajiyar da ƙoda. Tsoho da yawa ana jinyarsa a kan ciwon da maganin wani ciwon ya jawo masa.

Kin ga ke nan, koke uku kika kai, kowanne da awonsa, yawancin awon kuma mai araha ne.

Wannan ɗabi'a ta auna mutum da shekarunsa ba a Maraɗi ta fara ba. Wani likitan Amurka, Robert Butler, ya raɗa mata suna tun 1969, ya ajiye ta a sahu ɗaya da wariyar launin fata. A watan Maris na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kanta, inda ta ce mutum ɗaya cikin biyu a duniya yana ɗauke da irin wannan kallon ga tsofaffi. Rahoton ya kawo wani nazari da ya tattara bincike 149, aka tarar a kashi 85 cikin ɗari nasu shekarun mara lafiya ne suka yanke wa za a yi wa wani aiki ko a ba shi wani magani, wa za a hana. Ilimin likitancin kansa ya daɗe da wannan tabo. An yi zamanin da ake koya wa ɗalibai cewa hawan jini ga tsoho daidai ne, a ɗauki ɗari a ƙara shekarunsa, duk abin da bai wuce haka ba a ƙyale shi. Gwaje-gwajen magunguna kuma sukan tsallake masu yawan shekaru, sai a rasa hujjar ba su maganin, sai rashin hujjar ya koma dalilin hana su. Sai a 2008 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna HYVET, wanda aka yi a kan mutum 3,845, dukkansu masu shekara 80 zuwa sama, a ƙasashe 13 har da Sin da Tunisiya. Waɗanda aka ba maganin hawan jini, mutuwa ta ragu a cikinsu da kashi 21 cikin ɗari, gazawar zuciya da kashi 64. Amfanin ya fito fili har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa, don bai halatta a ci gaba da hana sauran maganin ba. Baba bai ma kai shekarun waɗancan mutanen ba, amma an sallame shi ba a ɗaura masa abin awo a hannu ba.

Ban ce ki ƙullaci ma'aikacin ba, ko da yake ya yi kuskure, kuma kuskuren ba ƙarami ba ne. Ki dubi gidan da ya rene shi. Nijar ƙasar yara ce: kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, masu 60 zuwa sama kuwa ba su cika biyar cikin ɗari ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna mace a jihar Maraɗi tana haihuwar ƴaƴa sama da takwas a rayuwarta. Dole tsarin lafiya ya karkata wajen uwa da ɗa, kuma ya yi daidai da ya karkata. A 2006, zamanin Tandja Mamadou, aka mayar da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, tare da awon ciki. Ƙungiyoyin agaji da suka cika jihar nan tun yunwar 2005, tamowa da zazzaɓin cizon sauro na yara suka zo yaƙa. Ma'aikacin da ke ƙaramar cibiyar lafiya, wato CSI, abin da ake tambayarsa a ƙarshen wata shi ne yara nawa aka yi wa rigakafi, mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu a hannunsa. Da wuya a tambaye shi dattawa nawa ya auna. Ga layi har waje, musamman daga Agusta zuwa Oktoba, uwaye riƙe da yara masu suma. Tsoho kuwa kokensa ba ɗaya ba ne, maganarsa a hankali take fita, sai ya gama gaisuwa kafin ya shiga zance. “Tsufa ne” ita ce gajeriyar hanyar da ke buɗe ƙofa ga na baya.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: su kansu shekarun da ake yanke hukunci da su, ƙiyasi ne. Ke da kanki kin ce “wajen 1952”. Yawancin iyayenmu haka katinsu yake, wani magatakarda ne ya dubi fuska ya rubuta. Su lissafinsu da aukuwa ne: wane an haife shi shekarar da ruwan Gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi aka hau tudu, wato 1945, wance ta yi aure shekarar da Kunce ya karɓi mulki, 1974, wane ya yi ɗan fari lokacin yunwar El Buhari. Manomin da rana da aiki suka dafa, yana da 58 sai a ba shi 75. Matar da ta haifi goma, tana da 50 an riga an kira ta tsohuwa, daga nan duk abin da ta kawo kuka a kai sai a jingina shi ga tsufa.

Amma tambayar da na ji tana motsi a ƙarƙashin wasiƙarki ita ce, yaya haka za ta faru a wurinmu, mu da muke durƙusa wa babba, ba ma kiran sunansa, ba ma haɗa ido da shi? Turawa ne aka sani da kai iyayensu gidan tsofaffi. Ni a ganina, girmamawar tamu ce wani lokaci take zama bargon da cuta ke kwana a ciki. Muna cewa “Baba ya huta,” mu karɓe masa fartanya, mu karɓe masa zuwa kasuwa, daga nan mu karɓe masa magana. Ki tuna abin da ya faru a ɗakin: ke aka tambaya, shi yana zaune. Wataƙila ma'aikacin gani yake ladabi ne, kada ya takura wa dattijo. Amma ke ba a jikinki ciwon yake ba, kuma akwai rabin labarin da Baba ba zai taɓa faɗa ba muddin kina wurin. Wane uba ne zai bayyana yadda fitsarinsa ke fita a gaban ƴarsa? Ai ko ke ta bayan fage labarin ya iso miki. Haka matashin ma'aikaci yake jin nauyin ya ce wa sa'an kakansa ya kwance wando a duba shi. Kunya ta wannan gefe, kunya ta wancan gefe, sai a rabu da addu'a, gwaiwa ko ƙullutu yana nan yana girma.

A wajen mata abin ya fi muni. Matar da ta daina al'ada shekara da shekaru, in ta sake ganin jini, wannan alama ce da ake so a duba cikin gaggawa, don tana iya zama dajin mahaifa. Wa za ta gaya wa? Ɗanta na fari da ko sunansa ba ta faɗa? Surukarta? Sai ta yi ta wanke zane a ɓoye har wari ya tona. Ƙasar nan ta san darajar babbar mace, ga Inna a fadar Tibirin Gobir, ga Iya a fadar Katsinar Maraɗi. Amma talakar tsohuwa da ƙwaƙwalwarta ta fara taɓuwa, tana fita da dare tana kiran sunayen matattu, ba a rasa mai cewa mayya ce.

Tun da na taɓo ƙwaƙwalwa, bari in ja kunnenki a kan abu guda, ko da ba ki tambaya ba, domin yana kashewa. Gigin tsufa na gaskiya a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. In tsoho yana lafiya shekaranjiya, yau ya wayi gari bai san inda yake ba, yana sambatu ko yana ta barci, wannan ba gigi ba ne, jiki ne ke ihu. Yana iya zama zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, ƙwayar cuta a fitsari, faɗuwar sukari, wani magani da ya sha, ko ƙishirwa kawai, musamman a zafin Afrilu da Mayu, domin tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro. Jikin tsoho ba ya kuka irin na matashi: huhu yana iya ruɓewa ba tare da jiki ya yi zafi ba, zuciya tana iya bugawa ba tare da ƙirji ya yi ciwo ba. A ɗauke shi a tafi a ranar. Haka tarin da ya wuce mako biyu, kada a ce na sanyi ne ko na taba, a kai majina a duba tarin fuka, maganinsa kyauta ne. Wani kuma da ake cewa ya ruɗe, kunne ne kawai ya toshe da dauɗa. Ba ya jin tambaya, sai ya ba da amsar da ba ita ba, a yi dariya.

Sai maganar Baba da kansa, “na ci zamanina.” Ita ce ta fi wuyar sha'ani, don ba a yi wa dattijo dole, kuma jikinsa ne. Sai dai ki saurari abin da ke bayanta. Sau da yawa ma'anarta ita ce, “ba na so in zame muku nauyi.” Ya san kuɗin makarantar jikoki, ya san farashin buhun hatsi, ya yi lissafi ya cire kansa. Wani lokaci tsoron wuƙa ne, wani lokaci baƙin ciki ne da ya kwanta tun rasuwar aboki ko mata, wanda shi ma ciwo ne mai magani. Kuma mutum yakan gaskata abin da ya yi shekara saba'in yana ji ana faɗa a kan tsofaffi. Wata mai bincike a jami'ar Yale, Becca Levy, ta bi rayuwar mutum 660 a jihar Ohayo ta Amurka, ta wallafa a 2002 cewa waɗanda ke kallon tsufansu da kyakkyawan zato sun fi sauran daɗewa da kimanin shekara bakwai da rabi. Ba zan ɗauko wannan adadi in dasa shi a Jiratawa ba, rayuwa ta bambanta. Amma yadda abin ke aiki kowa ya gani a gidansu: wanda ya yarda ya ƙare yakan bar shan magani, ya bar tafiya masallaci, ya bar cin abinci sosai, ƙafafu su saki, sai a ce ka gani, ai dama tsufa ne. Kada ki yi masa gardama a kan mutuwa, ya fi ki saninta. Ki yi masa maganar Alƙur'aninsa da ya bar dubawa. Ki tambaye shi ko yana so ya sake ganin baƙi da idonsa.

Kuɗi kuwa ba zan raina shi ba, kuma ina zaton shi ne ainihin abin da ke bakin yayyenki, hadisin mayafi ne. Wasu ƙasashe sun gwada ɗauke wannan nauyi: Senegal ta kafa shirin Sesame a 2006 don jinyar masu shekara 60 zuwa sama kyauta, ko da yake bashin da gwamnati ta riƙa tara wa asibitoci ya sha gurgunta shi, a Gana masu shekara 70 zuwa sama ba sa biyan kuɗin shekara-shekara na inshorar lafiya ta ƙasa. A nan gida, a 2024 hukumomi sun rage rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati. Magani dai har yanzu daga aljihu yake fita. Amma ku yi lissafin duka. Tsohon da ya makance, sai an cire yarinya daga makaranta ta zama ƴar jagora. Wanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, sai mace guda ta bar sana'arta tana juya shi tana wanke shi, shekara biyu ko biyar. Kuɗin ƙwayar hawan jini bai kai kuɗin jinya a gadon asibiti ba. Kuma garkar da yake nomawa, ai ba ta daina ciyar da gidan ba sai da ido da gwiwa suka zaunar da shi.

Don kada in yi rashin adalci: akwai ranar da likita zai duba da kyau, ya ce wannan aikin ya fi ƙarfin jikin nan, a bar shi. Wannan hukunci ne na ilimi, in an gina shi a kan ƙarfin zuciya da ƙoda da numfashi da abin da mara lafiyan yake so. Akwai mai 85 da zai ɗauki aiki, akwai mai 60 da ba zai ɗauka ba. Haka kuma ba kulawa ba ce a rataya wa tsoho ƙarin ruwa a yi masa allurar bitamin don dangi su ga an yi wani abu. Mu ma muna da laifi a nan, mun fi ganin girman ruwa da allura a kan awo da tambaya.

Ku koma. In wurin farko bai yi ba, ku nemi takardar turawa zuwa babban asibitin jiha, ido kuma a kai shi wajen masu ido kai tsaye. Ku tafi da sassafe bai karya ba, saboda awon sukari, amma ki riƙe masa fura ko kunu ya sha da an gama. Ki zuba duk abin da yake sha a leda guda, na farmasi da na ƴan talla da na gargajiya, ki ajiye a gaban likita ba tare da jin kunya ba. In an tambaye ki, ki ce, “Ga shi nan, Baba zai faɗa da bakinsa,” sai in ya manta wani abu ki cika. In an auna tansiyo, ki nemi a faɗa miki lambar a rubuta a karne, wato littafin asibitinsa. In ta kai 14/9 ko ta wuce, a sake aunawa wata rana, in ta tsaya a nan a yi maganar magani. In kuma aka sake ce muku tsufa ne, kada ki ɗaga murya. Ki ce, “To likita, in da mai shekara arba'in ne ya zo da wannan, me za a auna masa? A taimaka a auna wa Baba shi.”

Maganar fitsari kuwa, ba ke za ki shiga da shi ba, kuma ba yayyenki ba. Ki nemi ƙaninsa, ko amininsa da suke zama tare bayan La'asar, ko wani jika namiji da ya girma, tun da tsakanin kaka da jika akwai wasa, babu wannan nauyin. Ki biya masa kuɗin mota daga Jiratawa. In an zo wannan gaɓar, ki ce za ki je sayen ruwa, ki fita ki ja musu ƙofa.